Wai ɓata lokaci ne ɗalibin likitanci ya kwaikwayi majinyaci?

Ƙanwata, kin ce an sa ki kwaikwayi mai ciwon ƙirji a ajin gwaji, kina ganin ɓata lokaci ne. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da na kwanta a gadon, abokin karatuna ya ɗora min abin sauraron ƙirji mai sanyi ƙarara bai ce uffan ba, ko fuskata bai kalla ba. Ranar na san yadda majinyaci ke ji.

Tsarin ya daɗe. Wani likita mai suna Howard Barrows ne ya fara shi a Amurka a 1963, da mutanen da aka horar su yi kamar marasa lafiya.

Ki riƙe labarin da aka ba ki, ki amsa abin da aka tambaye ki kaɗai. Kuskurenmu shi ne tausayin aboki, mu riƙa jefa masa alamomin ciwon don ya gano da wuri, alhali majinyacin gaske sai an tono. Kada kuma ki cika nishi da birgima. Bayan an gama, ki faɗa masa inda ya katse miki magana.

Idan gwajin na buƙatar buɗe jiki, ko labarin ya fama miki wani tsohon ciwo, ki sanar da malamin ajin tun kafin a fara.