Amsa: me ya fusata masoyan Dungeons & Dragons da aka daina buga mujallunsu?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya kawo hayaniya haka tsakanin masu Dungeons & Dragons (D&D), wasan tebur da kowa ke ɗaukar matsayin wani jarumi a cikin labari, alhali ba kashe mujallun aka yi ba, intanet kawai aka mayar da su. To, ka duba shekarunsu tukuna. Dragon tun 1976 take fitowa, ƙanwarta Dungeon kuma tun 1986. Akwai wanda tun yana ɗan makaranta yake jiran ɗan aike ya kawo masa ita, ya jera su a kan kanta, in an zauna wasa ya shimfiɗa taswirar wasan da ke cikin mujallar a tebur, har da tabon shayi a gefen shafi.

A Afrilun 2007 aka sanar cewa Wizards of the Coast, mai mallakar wasan, ba za ta sabunta lasisin Paizo, kamfanin da ke buga su, ba. Fitowar Satumba ce ta ƙarshe a takarda: Dragon lamba 359, Dungeon lamba 150. Daga baya aka zuba su cikin D&D Insider, shafin intanet na Wizards, sai ka biya kuɗin rajista.

A ganina nan gizo ke saƙar. Takarda in ka saya taka ce, ka ba aboki aro, in ka matsu ka sayar. Ga kuma teburin wasa na kwamfuta da aka yi ta tallarsa, aka buɗe shafin babu shi. Dole rai ya ɓaci.

Paizo kuwa ba ta zauna ba, ta fito da nata wasan irin wannan mai suna Pathfinder, masoya da yawa suka bi ta. Mujallun intanet ɗin ma a Disambar 2013 aka dakatar da su.