Amsar tambayar Kawu kan garin giya

Kawu, barkanku da war haka. Saƙonku ya iso, kuma na gane inda kuka dosa: an ce muku garin da muke zaune garin giya ne, to ya muke yi? Wanda ya faɗa muku bai yi ƙarya ba. Garinmu Jerez, a kudancin Sifaniya, wanda 'yan gari ke kira Heres, da maƙwabcinsa Sanlukar da ke bakin teku, da inabi suke ci suke sha. Ko sunan da Turawan Ingila suka sa wa giyar, sheri, daga Sherish ya samo asali, sunan garin a hannun Musulmin Andalus kafin a ƙwace shi a 1264.

Ban taɓa kai ta baki ba, amma shekara 14 na yi ina shaƙar warinta a lungu, dole na san yadda ake yin ta. Inabin fari ne, palomino, ana noma shi a wata farar ƙasa kamar alli mai riƙe ruwan sama har rani. Idan an matse ya tsima, sai a zuba a gangar katako mai cin lita 600, amma 500 kawai ake sawa, a bar wa iska wuri. Sai wata farar yana ta taso ta rufe saman, kamar yanar kunun da ya huce. Ita suke kira flor, wato fure. Yis ne mai rai. Maƙwabcina, tsoho da ya ƙare aikinsa a rumbun giya, ya taɓa haska min ita da tocila ta bakin ganga, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tada jariri. Ya ce ita ke hana iska taɓa ruwan, shi ya sa ba ya yin ja.

Wadda ake kai wa ƙasashen waje ana ƙara mata barasa har ta kai kashi 15 cikin 100 ko fiye. Amma akwai wadda ba a ƙara wa komai, suna ce mata bino de pasto, ta kan teburin cin abinci, wadda kakanninsu manoma ke sha. An daɗe da raina ta, yanzu kuma samarinsu sun dawo da ita suna ta alfahari, ka ce gado aka raba musu.

Mu dai ba ma sha, ba ma sayarwa, a kan wannan bakinmu ɗaya. Inda muke saɓani shi ne tsinkar inabi a watan Agusta. Wasu na cewa aikin gona ne, lebura ba ruwansa da inda amfani zai je. Ni na yi kaka biyu, da almakashi da daro, cikin zafin da ya kusa na Sakkwato, raina bai kwanta ba, na koma aikin gini. Amma ba na zagin yaron da bai da takardar izinin zama, ga kuɗin haya a wuyansa.

Maƙwabta kuwa sun saba da mu. Idan aka gayyace mu biki, tun kafin mu zauna an ajiye mana lemo da soyayyen kifi, a janye naman alade gefe. Wuri ɗaya ake tuntuɓe: kalmar mosto. A wasu garuruwan Sifaniya ruwan inabi ne zalla, a nan kuwa sabuwar giya ce da ake fitarwa a watan Nuwamba. Duk baƙon da ya sauka a gidana, kafin ya koyi gaisuwa, wannan nake fara ja masa kunne a kai.