Ciwon sanyi ya ƙi barina: mijina ne ke shafa min?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata uku da aure, ina da ɗa ɗaya. Cikin wata goma da suka wuce sau huɗu ina shan maganin sanyi. Ƙaiƙayi ne da fitar farin ruwa, wani lokacin har da wari, musamman bayan mun sadu da maigida. In na sha magani sai ya lafa, bayan 'yan makonni ya dawo. Wata ƙawata ta ce a bayan gida nake ɗauka, wata kuma ta ce daga mijina ne. Yanzu har na fara zarginsa, ina gudun shimfiɗarsa, shi kuwa ya ce lafiyarsa ƙalau. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne sau huɗu kin sha magani, amma ba ki ce ko sau ɗaya an yi miki gwaji ba. Ina jin a nan gizo ke saƙa. Sanyi suna ne da muka taru muka laƙaba wa cututtuka daban-daban, kowacce da sanadinta da maganinta. Amsar tambayarki game da maigida ta dogara ne kan wacce ce daga cikinsu take damunki.

Bari mu fara sallamar maganar bayan gida. Yawancin ƙwayoyin da ke haddasa waɗannan matsaloli ba sa daɗewa a raye a wajen jikin mutum, kuma ba ta zaman masai suke shiga jikin mace ba. Ki cire wannan daga ranki.

Gaban mace yana da nasa masu gadi, wasu ƙwayoyi masu amfani da ake kira Lactobacillus. Su ne ke sa wurin ya kasance da ɗan tsami, wanda ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Idan masu gadin suka ragu, sai wasu su yi yawa su mamaye wurin, ruwa mai tsinkewa, fari-fari ko ruwan toka, ya riƙa fita yana ƙarni kamar na kifi. Ƙarnin yana ƙaruwa bayan saduwa domin maniyyi yana kashe tsamin nan na ɗan lokaci. Da kika ambaci wari bayan kwanciya, wannan cutar, wadda likitoci ke kira bacterial vaginosis, ita ce ta fara zuwa min a rai. Maganinta metronidazole ne, wanda aka fi sani da Flagyl, na kwana 7. Tana da naci ƙwarai, fiye da rabin matan da aka yi wa magani takan dawo musu cikin shekara guda. Cikin abubuwan da ke jawo ta akwai wanke cikin gaba da sabulu, ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ko cusa turare da makamantansu. Mace na jin wari sai ta ƙara ƙaimin wankewa, alhali wankin ne ke korar masu gadin. Ruwa zalla ya isa, shi ma a waje kawai, ciki yana tsabtace kansa.

A da likitoci ba sa ba miji magani a kan wannan. Amma wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 2025, ya nuna cewa idan aka haɗa da mijin, aka ba shi na sha da na shafawa, dawowar cutar cikin mako 12 ta sauka daga kashi 63 zuwa 35 cikin ɗari. Wato ƙwayoyin suna iya maƙalewa a jikin namiji su komo wa matarsa. Wannan ba shaidar neman mata ba ce, tsakanin ma'aurata biyu masu kamun kai ma yana faruwa.

Ƙaiƙayi mai tsanani kuwa, da ruwa mai kauri guda-guda kamar madarar da ta yanke, ba wari, galibi aikin wata ƙwaya ce dangin yis da ake kira Candida. Ita ma 'yar gida ce, tana zaune a jiki ba ta cutarwa sai ta samu sarari, kuma kusan mata uku cikin huɗu sukan gamu da ita a rayuwarsu. Juna biyu na ba ta sarari, haka ciwon suga, haka kuma shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai. Ki lura da na ƙarshen nan da kyau. Mace ta ji ƙaiƙayi, a haɗa mata ƙwayoyi kala uku da allura ba tare da an duba ba, maganin ya share masu gadin, Candida ta samu fili, bayan mako biyu ƙaiƙayin ya dawo fiye da da. Ba zan yi mamaki ba idan wani ɓangare na wahalarki daga magungunan ne. Ana maganin Candida da matsin clotrimazole ko ƙwayar fluconazole, sai dai mai ciki ba ta shan fluconazole. Wadda take dawo mata sau uku ko huɗu a shekara, akan ɗora ta a kan magani sau ɗaya a mako har wata 6, a kuma auna sugan jininta. Miji ba ya bukatar komai sai in shi ma yana ƙaiƙayi ko gabansa ya yi ja.

Sai waɗanda ake ɗauka ta saduwa kai-tsaye: Trichomonas, da Chlamydia, da gonoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an samu sabon kamu miliyan 156 na Trichomonas, da miliyan 129 na Chlamydia, da miliyan 82 na gonoriya. A nan "lafiyata ƙalau" da maigida ya ce ba hujja ba ce, domin yawancin maza masu Trichomonas ba sa jin komai, haka ma da yawa masu Chlamydia. Amma ke ma kada ki yanke hukunci da wuri: Trichomonas na iya zama a jikin mutum watanni ko shekaru shiru, don haka gwaji ba ya nuna wa ya kawo ko yaushe. Idan ɗaya daga cikinsu aka samu, tilas ku sha magani tare, ku kuma dakatar da saduwa har kwana 7 bayan an gama, in ba haka ba za ku yi ta miƙa wa juna. Chlamydia da gonoriya su ne ba na wasa da su, don in aka bar su suna haurawa su toshe bututun mahaifa, su jawo rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa.

Abin da za ki yi ke nan. Ki daina sayen magani. Ki je asibiti a lokacin da alamun suke nan, ba lokacin al'ada ba, kuma ba tare da kin wanke ciki ko kin yi matsi ba, a ɗebi ruwan da tsinken auduga a duba. Ki roƙi a haɗa da gwajin Chlamydia da gonoriya, ki tafi da kwalayen duk abin da kika sha. Idan akwai ciwon mara, zazzaɓi, zafi can ciki yayin saduwa, ko jini bayanta, ko kina zaton kina da ciki, kada ki jira, ki tafi yau.

Game da maigida, gudun shimfiɗa ba tare da bayani ba zai sa shi ma ya fara nasa zargin. Ki zaunar da shi ki ce abin nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ce a duba mu biyun don a gano bakin zaren. Namiji ya fi saurin bin matarsa asibiti idan rakiya aka nema a wurinsa, ba tuhuma aka ɗora masa ba. Kafin sakamako ya fito, ku yi amfani da kwaroron roba ko ku ɗan dakata. Allah ya ba ki lafiya.