Tambaya da Amsa: Waya a Hannu, Jarrabawa a Gaba

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon 'yan makaranta ne suka cika mana akwati da saƙonni, kusan duk a kan intanet, ƙila saboda lokacin rijistar jarrabawa ya matso kowa hankalinsa ya tashi. Na zaɓi guda biyar, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni ɗan SS3 ne, bana zan zana JAMB in Allah ya yarda. Mai shagon kwamfuta na layinmu ya ce in kawo kuɗi shi zai buɗe min imel ya riƙe min komai. Ni dai ina da WhatsApp ina da Facebook, wai dole ne sai da imel ɗin nan? Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: Ƙanena dole ne, kuma don Allah kar ka bari kowa ya riƙe maka. Ka je shagon in kana so ya nuna maka yadda ake yi ba laifi, amma yatsanka ne zai danna kalmar sirrin, shi kuma ya juya kansa gefe.

Imel ya girmi WhatsApp nesa ba kusa ba, tun 1971 wani injiniya a Amurka mai suna Ray Tomlinson ya fara tura saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata da alamar nan ta @, WhatsApp kuwa sai 2009 aka haife shi. Bambancinsu kamar na hirar dandali ne da wasiƙar ofis. WhatsApp na hira ne, lambar waya yake bi, in layin ya tafi ya tafi da shi. Imel kuwa adireshinka ne na din-din-din, da shi hukumomi suke saninka, da shi za ka shiga shafinka na JAMB ka duba ko an ba ka gurbi a CAPS, wato tsarin da JAMB ke bayar da gurbin karatu ta cikinsa, jami'ar da ta ɗauke ka shi za ta tambaya, in ka nemi bashin karatu na NELFUND shi ne, ranar da ka gama za ka tafi bautar ƙasa ma shi ɗin dai za a ce ka kawo. Kaga kuwa abin da zai bi ka shekara biyar ko shida ai ba a barinsa a littafin mai shago.

Na sha ganin wannan da idona. Yaro ya ci jarrabawa da maki mai kyau, lokacin karɓar admishan ya yi, a ce ya shiga shafinsa sai ya fara sosa ƙeya, wai mai shago ne ya san fasuwod ɗin, a je shagon a tarar an mayar da shi wurin sayar da shinkafa, mutumin ya koma wani gari. Daga nan sai zirga-zirga da kashe kuɗin mota a kan abin da minti biyar ya isa a kauce masa.

Buɗe Gmail kyauta ne, ko sisi ba a biya. Ka sa sunanka na gaskiya yadda yake a NIN, ban da irin su sarkinsamari ko ɗangatanmama, wallahi akwai ranar da za ka ji kunyar rubuta shi a fom. Ka sa lambar wayarka a wajen da aka ce lambar dawo da asusu. Kalmar sirri kuma kar ta zama shekarar haihuwarka, ka rubuta ta a takarda ka ba Mama ta ajiye a inda take ajiye takardun gida, ita ba ta mantuwa da irin wannan.

Sai maganar layi, wadda ma ta fi imel ɗin saurin jefa yara a matsala. Tun 2021 JAMB ba ta rijista sai da NIN, za ka tura NIN ɗinka ta tes zuwa 55019 ko 66019 su turo maka lambar da ake kira furofayil kod, kuma layin da ka tura da shi ya maƙale da sunanka kenan. To kar ka ari layin aboki, kar ka yi da na mai shago. Layinka, ko na mahaifi ko mahaifiya in ba ka da shi, kuma a riƙa sa masa kati ana kira, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani. Rijistar kanta kuma a cibiyar CBT, wato wurin zana jarrabawa da kwamfuta, da hukumar ta amince da ita ake yi, ba a kowane shago ba.

TAMBAYA: Malam, malaminmu na Bayoloji yana yawan cewa mu je mu bincika a intanet. Ni in na rubuta a Google abubuwa dubu ne ke fitowa, wani ya saɓa wa wani. Wanne zan ɗauka? Kuma wai Google ɗin shi ne intanet? Daga wata ɗaliba 'yar SS2 a Zariya.

AMSA: A'a ƙanwata, Google ba shi ne intanet ba, duk da dai mutane da yawa haka suka ɗauka har da manya. Ki ɗauka intanet ita ce titunan da suka haɗa gari da gari. Shafukan yanar gizo su ne shagunan da ke bakin titi, wannan tsarin wani Bature ɗan Ingila Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro shi a 1989 yana aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva. Chrome ko Opera Mini da ke wayarki su ne abin hawan. Shi kuwa Google, da Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, ɗan kamasho ne a tasha, ki faɗa masa inda za ki ya nuna miki mota. Kuma kin san halin ɗan kamasho, ba ruwansa da ko motar na da birki.

Saboda haka tantancewa aikinki ne. Abu na farko ki duba ƙarshen adireshin shafin, in kika ga .edu.ng na makarantun Najeriya ne, .gov.ng na gwamnati ne, waɗannan sun fi shafin da ba ki san mai shi ba. Waɗanda ke fitowa can sama da ɗan rubutun da ke nuna talla ce, kuɗi suka biya aka ɗora su, ba wai sun fi gaskiya ba.

Ga 'yan dabaru da ba a koyarwa a aji. In kika sa jimla a tsakanin alamar zance, wato " da ", Google zai nemo kalmomin a jere yadda kika rubuta su. In kika ƙara filetype:pdf a ƙarshen abin da kike nema, takardu da littattafai zalla zai kawo miki, wannan na da daɗi sosai wajen neman manhajar jarrabawa. In kuma kika rubuta site:jamb.gov.ng kafin tambayarki to a cikin shafin JAMB kawai zai duba, kin huta da masu ƙirƙirar labari.

Wikipedia fa? Ni ban hana ba, akwai ma ta Hausa, tana da kyau wajen fahimtar abu da farko, amma tunda kowa na iya gyara ta ki gangara ƙasa ki ga daga ina suka ɗauko. Haka su ChatGPT da suka shigo tun ƙarshen 2022, suna bayani tiryan-tiryan kamar malamin da ya kwana yana shiri, amma in ba su sani ba ba sa yin shiru, sai su ƙaga miki amsa da ƙarfin gwiwa. Ki tambaye su su fayyace miki abin da ya shige miki duhu, sannan ki buɗe littafinki na aji ki gwada. In suka saɓa, littafin za ki bi. Kwafe jinga kai tsaye kuwa, malaminku ya san irin Turancinki fa, ranar da kika kawo masa na farfesa zai gane.

TAMBAYA: Ina kallon darasin lissafi a YouTube amma data na ƙarewa kamar ana zuƙe ta. Mafita? Daga wani ɗalibi a Azare.

AMSA: Bidiyo ne ke cin data, rubutu ba ya cin wani abin kirki. Ka taɓa alamar saiti a jikin bidiyon ka rage ingancin hoton zuwa 360p, ya isa ka ga abin da ake rubutawa a allo, in bayani ne na baki kawai ma 144p ya wadatar. Ka kashe abin nan da ke kunna bidiyo na gaba da kansa. A WhatsApp ka shiga saiti ka hana shi sauke hotuna da bidiyon guruf ba da izininka ba, nan ne ɓarawon yake. Ka danna *323# ka ga abin da ya rage maka, lambar ɗaya ce a duk layukan Najeriya tun 2023. Sannan ka faɗa wa kanka gaskiya, lissafin ne ya cinye ko kuwa TikTok ɗin da ka leƙa na "minti biyu" bayan lissafin?

TAMBAYA: An turo linki a guruf ɗin ajinmu wai tallafin karatu ne, na cike, sai wani ya kira ni da murya mai daɗi ya ce in karanto masa lambobi shida da suka shigo wayata. Na karanta. Yanzu WhatsApp ɗina ya fita, ana ta roƙon kuɗi da sunana har wajen kawuna. Ya zan yi? Daga wata ɗaliba a Jos.

AMSA: Sannu ƙanwata, Allah ya kiyaye gaba, kuma ki daina zargin kanki, manya masu digiri ma an yi musu. Lambobi shidan nan su ne makullin da WhatsApp ke turowa duk wanda zai buɗe asusunki a sabuwar waya, kin ga da kika karanta kin miƙa masa makullin ɗaki kenan da hannunki.

Tunda layin na hannunki ba a rasa komai ba. Ki sake shiga WhatsApp da lambarki, za su turo sabbin lambobi ta tes, kina sakawa za a fitar da shi daga can. In mugun ya riga ya sa nasa fin na mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ake kulle asusu da ita, za a ce ki jira kwana 7, ki jira, shi dai an riga an kore shi tun lokacin da kika sa lambobin. Kafin nan ki kira 'yan uwa da baki, ki fara da kawun naki, ki ce kar wanda ya tura ko naira ɗaya, a kuma sanar a guruf ɗin aji a cire lambar na ɗan lokaci.

In ya dawo hannunki, abu na farko ki shiga saiti ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa fin da imel ɗinki. Kin ga imel ɗin da na gama yi wa ɗan Gusau wa'azi a kansa ya sake fitowa. Duk saƙon da ya ce ki tura wa guruf biyar kafin a ba ki tallafi ƙarya ne, ba hukumar da ke rabon kuɗi haka. Kuma ko wa ya kira, ko ya ce daga banki ne ko daga makaranta, lambar da ta shigo wayarki ta tes ba a karanta wa kowa ita.

TAMBAYA: An sace min waya a kasuwa, duk hotunan nots ɗina da silif ɗin jarrabawa suna ciki. Na samu wata, ya zan yi kar a maimaita? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Allah ya mayar da alheri. In kana da Gmail to kana da rumbu kyauta ba ka sani ba, sunansa Google Drive, gig 15 ne suke bayarwa, sai dai da shi da imel da Google Photos duk a kwano ɗaya suke ci, don haka kar ka cika shi da bidiyon biki. Ka buɗe Drive ɗin ka danna alamar +, akwai wajen sikanin, ka ɗauki takardar haihuwa, silif ɗin NIN, sakamakon WAEC ko NECO, takardar shaidar ƙaramar hukuma da hoton fasfo, ya mayar maka da su PDF, ka zuba su a folda ɗaya. Ko wayar ta faɗa rijiya, kana shiga imel ɗinka a wata za ka same su. In a kwamfutar shago ka shiga don firintin, ka tabbata ka fita daga asusun kafin ka tashi daga kujerar.

Tsohon layin kuma ka hanzarta zuwa ofishin kamfanin da NIN ɗinka a yi maka walkam bak, wato a dawo maka da lambarka a sabon sim, musamman in da shi ka yi JAMB.