Zuwa Paris karo na farko: me ya kamata baƙo ya shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina mun samu bizar shiga Faransa, kuma muna shirin yin mako guda a Paris cikin watan Nuwamba. Ban taɓa zuwa Turai ba, iyakar tafiyata Saudiyya, kuma ba na jin Faransanci. Ina neman shawara kan isa masauki daga filin jirgi, zirga-zirga a cikin gari, abinci da salla, da abin da ya kamata mu kiyaye. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Tun da ka ambaci Saudiyya, bari in fara da bambancin da zai fi ba ka mamaki. A aikin Hajji ko Umara akwai mai tarbarka, akwai motar da aka tanada, akwai jagoran da ya san masauki. A Paris babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma a ganina mafi yawan wahalar da baƙo ke sha tana faruwa ne a sa'o'i uku na farko, tsakanin saukar jirgi da ajiye jaka a ɗaki. Idan ka shirya wa waɗannan sa'o'i tun kana gida, sauran kwanakin za su zo da sauƙi.

Biza ba ta tilasta wa jami'in shige da fice ya bar ka ka wuce. Yana da ikon tambayarka inda za ka sauka, da ranar komawarka, da kuɗin da za ka ci da su, don haka ka buga takardar otal, da tikitin dawowa, da takardar inshorar lafiya wadda dokar bizar Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Faransa ke cikinsu, ta ce kada ta gaza ta Yuro 30,000, ka riƙe su a jakar hannu. Kada ka dogara da waya kaɗai, domin a layin nan ne caji kan ƙare ko intanet ya ƙi. Idan a gidan wani za ku sauka, takardar da ake nema ita ce attestation d'accueil, wadda mai masaukin ke karɓowa daga ofishin magajin garin unguwarsa. Tun watan Oktoban 2025 ƙasashen Schengen suka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a kan iyaka, saboda haka layi na iya yin tsawo. Kuɗin hannu kuwa, idan sun kai Yuro 10,000 dole ne a bayyana su ga jami'an kwastan.

Sai batun guzuri, wanda na san maiɗakinka ta riga ta fara tunaninsa. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da abin da aka yi da su daga wajen Tarayyar, ma'ana kilishi, dambun nama, man shanu da cuku duk a bar su a gida. Na taɓa tafiya da wani dattijo da ya naɗe kilishinsa cikin takarda mai ruwan ƙasa, ya cusa shi a tsakiyar manyan riguna, amma da aka buɗe jakar ƙamshin yaji ne ya fara fitowa, yana ji yana gani aka jefa shi a kwandon shara. Dabino ba shi da matsala. Magungunan da kuke sha a bar su cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita, musamman masu ƙarfi na kashe zafin ciwo.

Jirgin da ya taso kai tsaye daga Abuja ko Legas yakan yi kimanin sa'o'i shida, ya sauka a filin jirgin Charles de Gaulle, wanda ke wajen kilomita 25 arewa maso gabas da birnin. Daga nan hanya biyu ce. Akwai jirgin ƙasa na RER B, wanda ke kai mutum tashar Gare du Nord ko Châtelet cikin kusan minti 35, kuma tikitinsa na musamman ne: Yuro 13 aka yanka masa a farkon 2025, farashin kuma kan ɗan ƙaru a farkon shekara. Akwai kuma tasi, wadda gwamnati ta ƙayyade kuɗinta, Yuro 56 zuwa ɓangaren birnin da ke arewacin kogin Seine, Yuro 65 zuwa kudancinsa, kamar yadda aka tsara a 2024. Ku mutum biyu ne da manyan jakunkuna kuma ba ku san gari ba, don haka shawarata ku hau tasi a ranar farko, bambancin kuɗin bai kai wahalar jan akwati a matattakalar Châtelet ba. Sai dai ka bi allon da aka rubuta Taxi har zuwa layin da motoci ke jira a waje. Duk wanda ya tare ka a cikin zauren filin jirgi yana cewa yana da mota, ko da ya yi maka sallama da Larabci ko ya kira ka ɗan'uwa, ka ba shi haƙuri ka wuce, domin direban tasi na gaskiya ba ya barin motarsa ya shigo farautar fasinja. Ka rubuta adireshin otal a takarda ka miƙa wa direba, saboda yadda muke karanta sunayen titunansu da yadda suke furta su sun yi hannun riga.

Idan ba ka riga ka kama masauki ba, ka san cewa an raba Paris gunduma 20, waɗanda lambobinsu suka faro daga tsakiya suna kewayawa waje kamar bayan dodon koɗi, kuma lambobi biyu na ƙarshe a lambar gidan waya su ne gundumar: 75005 ta biyar ce, 75018 ta goma sha takwas. Lambar da ta fara da 92, 93 ko 94 tana nufin wajen birni. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada tafiya daga ƙofar otal zuwa tashar metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta wuce minti biyar. Ɗakunan ƙanana ne ƙwarai idan aka kwatanta da kuɗinsu, wasu tsofaffin gine-ginen ba su da lif, kuma kusan babu banɗakin da za ka samu ruwan tsarki a gefen masai, saboda haka ƙaramar butar roba tana cikin kayan da ba za ku yi nadamar ɗauka ba. Haka ma mahaɗin soket, domin nasu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga.

Metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ne ƙafar kowa a Paris tun 1900, kuma ya cancanci ka zauna ka fahimce shi. Kowane layi yana da lamba da launi, kuma ba a rubuta gabas ko yamma a allo, sunan tashar ƙarshe ake rubutawa. Idan kana kan layi na 1, ko dai ka nufi La Défense ko ka nufi Château de Vincennes, don haka kafin ka sauka matattakala ka duba taswira ka ga wace tashar ƙarshe ce ke gaba da inda za ka. Kalmomi biyu sun ishe ka: Sortie ita ce mafita, Correspondance kuma hanyar canja layi. A wasu tsofaffin jirage ƙofa ba ta buɗewa da kanta, sai ka ɗaga ƙaramin marfi ko ka danna maɓalli, kuma na ga baƙi da dama sun tsaya suna kallon ƙofa har jirgi ya wuce da su. Ka sayi katin Navigo Easy a kan Yuro 2, kowa da nasa domin mutum biyu ba sa shiga da kati ɗaya, sannan ka zuba masa tikiti, wanda ya kasance Yuro 2.50 kowace tafiya a 2025. Akwai kuma tikitin mako, wanda yake aiki daga Litinin zuwa Lahadi ko da wace rana ka saye shi, yana buƙatar ƙaramin hoton fasfo, kuma yana da riba idan kun iso a farkon mako. Kowace shiga sai ka taɓa katin a na'ura, ko da ka tarar da ƙofar a buɗe, domin masu bincike kan tsaya a lungun hanyar fita, tararsu gomman Yuro ce a nan take, kuma baƙunta ba ta zama uzuri a wurinsu. Jirage kan daina aiki wajen ƙarfe ɗaya na dare, a daren Juma'a da Asabar kuma wajen ƙarfe biyu.

Rashin Faransanci ba zai hana ka komai ba matuƙar ka riƙe kalma ɗaya, wato bonjour. Bafaranshe yana ɗaukar shiga kanti ko tambayar hanya ba tare da ita ba kamar yadda muke ɗaukar wanda ya faɗo gida babu sallama, kuma rabin labarin da ake bayarwa na rashin fara'ar mutanen Paris daga nan ya samo asali. Ka gaisa tukuna, sannan ka yi Turancinka, ka rufe da merci.

Abincin halal ba ya wuyar samu, domin Musulmi suna da yawa a birnin. A unguwannin Barbès, Belleville da kewayen Gare du Nord za ka ga an rubuta halal a ƙofar mahauta da gidajen abinci, kuma idan kewar gida ta taso, ku sauka a tashar Château Rouge a layi na 4, inda kasuwar titin Dejean take cike da kuɓewa, doya, manja, busasshen kifi da attarugu, ga gidajen abincin 'yan Senegal da Mali masu dafa shinkafa da miyar gyaɗa. A sauran wurare ka kula da kalmomin porc, jambon, lardons da saucisson, duk naman alade ne, kuma abincin da aka rubuta au vin a sunansa da giya aka dafa shi. Lardons ne suka fi yaudara, domin 'yan ƙananan yanka ne da ake barbaɗawa a salak ko a cusa cikin ƙwai. Kifi da burodin gidan biredi, wanda suke kira boulangerie, mafita ce a ko'ina. Ruwan famfo yana shayuwa, kuma idan ka ce une carafe d'eau za a kawo maka shi kyauta a tebur. Ladan mai hidima yana cikin kuɗin abinci, abin da ka ƙara alheri ne kawai.

Ta fuskar salla, Babban Masallacin Paris yana gunduma ta biyar kusa da tashar Place Monge a layi na 7. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ranar Juma'a yakan cika tun da wuri. Abin lura shi ne a Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, Azahar da La'asar da Magariba duk suna shigowa cikin sa'o'i biyar, a daidai lokacin da kuke yawo, kuma an hana salla a kan titi tun 2011. Ku tsara fitarku da wannan a zuciya, ka kuma tambayi malaminka hukuncin haɗa salla ga matafiyi kafin ku tashi. Alƙibla a can tana kudu maso gabas. Maiɗakinka tana iya yawo da hijabinta a titi da metro da gidajen tarihi, amma dokar 2010 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, tararta tana kaiwa Yuro 150, don haka niƙabi ba zai yiwu ba. Agogo kuwa ba sai kun juya ba, a lokacin sanyi ƙarfen Paris da na Kano ɗaya ne.

Sanyin Nuwamba ya sha bamban da hunturunmu, domin mai laima ne, da yayyafi da iska, kuma ma'aunin zafi kan tsaya tsakanin digiri 5 da 11. Riga kan riga ta fi babbar riga ɗaya amfani, saboda cikin metro da kantuna da ɗumi, sai takalmi rufaffe mai daɗin tafiya da safa da lema. Idan zazzaɓi ya kama ɗayanku, a gaya wa likita daga Najeriya kuka zo don ya gwada cizon sauro, kuma lambar gaggawa ita ce 112.

Fashi da makami ba shi ne abin tsoron baƙo ba, 'yan sane ne. Suna aiki a cunkoson ƙofar metro, da gindin hasumiyar Eiffel, da matattakalar cocin Sacré-Cœur, inda wasu ke kama hannun mutum su ɗaura masa zare sannan su nemi kuɗi. Akwai 'yan mata masu riƙe da takarda suna neman sa hannu, ɗaya na nuna maka biro ɗaya na lalube, akwai kuma masu cacar kofi uku a ƙasa, waɗanda masu cin da kake gani abokansu ne. Aljihun gefe na kaftani a buɗe yake kamar ƙofar zaure, don haka waya da kuɗi su koma aljihun ciki, fasfo kuma ka ɗauki hotonsa ka ajiye kwafi daban.

Wuraren kallo ba sai na tsawaita ba, wuri ɗaya babba a rana ya isa. Ka sayi tikitin hasumiyar Eiffel da gidan tarihi na Louvre ta shafinsu na intanet kwanaki kafin ranar. Louvre yana rufe ranar Talata, fadar Versailles da gidan tarihi na Orsay ranar Litinin, cocin Notre-Dame kuma, da aka sake buɗewa a Disambar 2024 bayan gobarar 2019, shigarsa kyauta ne.

Ranar komawa, idan kun yi sayayyar da ta haura Yuro 100 a kanti ɗaya, ku nemi takardar détaxe da fasfonku tun a kantin, ku nuna ta ga na'urar kwastan a filin jirgi kafin ku miƙa jakunkuna, za a mayar muku da wani kaso na harajin. Ka duba lambar tashar jirginka tun da dare, domin Charles de Gaulle gari ne guda, ka kuma tambayi ma'aikacin otal ko akwai yajin aikin jiragen ƙasa washegari, sannan ku bar masauki sa'o'i huɗu kafin lokacin tashi.