Amsa ga mai neman fili a bakin tafkin Madarunfa

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana aiki a Maradi, haya ta ishe ka, an nuna maka fili mai araha kusa da tafkin Madarunfa, kana shawarar ka saya ka gina. Na daɗe ina zaune a Madarunfa, ga abin da na sani.

Kada ka ba da ko dala cikin rani. Filin da dillali ya kai ka a watan Afrilu, ƙasa busassa ƙayau, koma ka gan shi ƙarshen Agusta. Tafkin nan bakinsa ba ɗaya ba ne. Gulbin Maradi da Gulbin Gabi ke zuba masa ruwa. In sun kawo sai ya haura ya shafe gonakin gefensa, in rani ya yi ya ja baya, masu lambu su bi danshin. Ruwan kuma daga Najeriya yake gangarowa, ana iya kwana ba ɗigo a nan, a wayi gari gulbi ya cika. Mu mutanen Maradi ba sai an koya mana wannan ba, tunda ambaliyar 1945 ce ta tada tsohon garin daga fadama aka hau tudu da shi.

In ka je, rabu da bayanin dillali, dubi gindin katangar maƙwabta. Inda ka ga yaɓe na zubewa daga ƙasa har gwiwa, danshi ne ke ci. Ƙasar laka tana kumbura da damina ta dare da rani, ginin siminti ma tsagewa yake in harsashi bai yi zurfi ba. Ka tambaye su masai kuma, duk kunyar tambayar. Inda ruwan ƙasa ke kusa, ramin kan cika tun kafin damina ta raba, wannan wahala ce ta kowace shekara. Arahar da ka gani a wajen sayen, a siminti da ƙarfe za ka biya ta.

Batun takarda: yawancin filayen can gonakin gado ne. Ka tabbata duk magada sun yarda, mata da waɗanda ke ci-rani har da su, a yi cinikin gaban mai gari da shaidu, sannan a rubuta a hukumar filaye ta kwamin, wadda ake kira Cofocom. Takardar da aka rubuta a gindin bishiya ba ta hana rigima.

Daɗin zaman kuwa akwai shi: karfasa da tarwaɗa ɗanyu, kayan lambu a ƙofa, iska mai sanyi lokacin da Maradi ke tafasa. Sauro dai sai gidan sauro ga kowane yaro. Ka lissafa kuɗin man zuwa aiki da dawowa kullum, kuma kada ka ware kai kaɗai a bayan gari, ka san halin da ƙauyukan bakin iyaka ke ciki da ɓarayin daji.

Da ni ne, haya zan kama a cikin garin Madarunfa in ci damina ɗaya tukuna, in na ga inda ruwa ya tsaya in nemi fili sama da nan.