Faifai huɗu: wanne za a haɗa da wanne?

Tambaya: Ina kula da wata kwamfutar ajiya mai Linux a Tahoua, faifai huɗu, kowanne terabait 4. RAID 5 na yi, wato wani tsari na haɗa faya-fayai su yi aiki kamar ɗaya, da mdadm, manhajar Linux mai wannan aiki. Faifai ɗaya ya mutu, ana cikin cike gurbinsa sai na biyu ya bi shi, komai ya tafi. Na sayo sababbi. Yaya zan shimfiɗa bayanan a wannan karon?

Amsa: Malam, sannu da wannan asara, amma ba tsautsayi kaɗai ba ne, halin RAID 5 ke nan. Mutuwar faifai ɗaya tak yake iya ɗauka, kuma kafin ya cike gurbin sai ya karanta sauran ukun tas, terabait 12. Masu ƙera faifan gida kuwa sukan rubuta cewa ana iya cin karo da wurin da ba ya karantuwa sau ɗaya a kusan terabait 12 da rabi. Tafiya ce a bakin rijiya.

Da faifai huɗu, RAID 6 da RAID 10 duk terabait 8 za su bar maka. RAID 6 yana jure mutuwar kowane biyu, sai dai rubutunsa da nauyi, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, lissafin cike gurbi kan saɓa da bayanan. In ba ka da batirin riƙe wuta mai kyau, RAID 10 ya fi maka kwanciyar hankali.

To a nan ne shimfiɗa take da magana. RAID 10 a mdadm yana da tsarin shimfiɗa fiye da ɗaya: a tsarin n2, faifai na 1 da na 2 tagwaye ne, wato kowanne kwafin ɗan'uwansa ne, na 3 da na 4 ma haka. Hanya shida ce faifai biyu za su iya mutuwa tare, biyu kawai ke kashe ka: tagwaye su tafi lokaci guda. Tsarin f2 ya fi saurin karatu, shi ya sa ake yabonsa, amma yana ajiye kwafin kowane faifai a kan maƙwabcinsa, a zagaye, sai hanyoyin halaka su zama huɗu cikin shida. Don tsaro, n2.

Yadda ka jera faya-fayan a umarnin mdadm --create, shi ke yanke wa zai zama tagwayen wa. Saboda haka kada tagwaye su haɗa komai. Idan biyu kamfani ɗaya ne, kwali ɗaya, raba su, kada su zama tagwayen juna. Idan biyu suna shan wuta a igiya ɗaya ko suna kan katin SATA ɗaya, wato katin da ake jona faya-fayan a kai, raba su. Kada ma su kwanta manne da juna a akwati, don zafin Afrilu da Mayu a Tahoua tare zai dafa su. Duba lambar jikin kowanne a /dev/disk/by-id ka rubuta a takarda ka liƙa. Da yawa sun zare faifai mai lafiya maimakon mataccen.

Saura ƙananan abubuwa. Kunna --bitmap=internal domin bayan ɗaukewar wuta wuraren da aka taɓa kaɗai za a daidaita. Sau ɗaya a wata rubuta check a /sys/block/md0/md/sync_action, a gano ruɓaɓɓen wuri tun tagwayensa na da rai. Sannan smartctl -l scterc,70,70 yana sa faifai ya haƙura da wuri mai matsala bayan daƙiƙa 7, kafin Linux ta gaji a daƙiƙa 30 ta kore shi. Faifan da bai karɓi wannan umarni ba, ƙara lokacin da Linux ke jiransa zuwa daƙiƙa 180.

Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure kuwa, nan take yake gogewa a kan tagwayen duka biyu. Wannan sai faifai na biyar, a wani ɗaki dabam.